Farashin koko da kiran ɓallewa: me ya sa ƙauye ke amsawa, zango kuma ke biyan bashin?

Duk wanda ya duba takardar ƙuri'a a Ghana ba zai ga jam'iyyar Asante ba, ba zai ga ta Arewa ba, balle ta masu neman ɓalle yankin Volta. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1992 ya hana kafa jam'iyya a kan ƙabila ko addini ko yanki. Ya kuma ce ba za a yi wa jam'iyya rajista ba sai tana da rassa a kowane yanki na ƙasar, tana kuma da tsari a aƙalla kashi biyu cikin uku na gundumomin kowane yanki. Shi ya sa yawancin matasanmu a zangunan Aboabo na Kumasi da Nima na Accra suke ɗaukar zancen ɓallewa kamar ciwon maƙwabta, na Najeriya ko na Kamaru. Alhali kuwa a nan Kumasi, ƙasa da shekara uku kafin a sauke tutar Birtaniya, aka kafa ƙungiyar da ta kusa raba ƙasar nan, kuma manoman koko na ƙauyuka ne suka riƙe ta. Kakanninmu na zango sun shiga ciki tsundum, sun kuma ji jiki.

Idan aka tambayi ɗan birni dalilin da ya sa mutumin ƙauye ke bin masu kiran a raba ƙasa, amsarsa ba ta wuce biyu: rashin ilimi, ko kuma sarakuna ne ke jan talakawansu da igiya. Ni ban yarda da wannan amsa ba. Manomi ya fi kowa iya lissafin abin da ya shiga aljihunsa da abin da aka riƙe masa, kuma daga lissafin nan ne maganar take farawa.

Tun 1947 hukumar cinikin koko ta gwamnati ce kaɗai ke da ikon fitar da koko waje, ita ke yanke kuɗin da za a biya manomi. A watan Agustan 1954, wata biyu kacal bayan jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah ta ci zaɓe, ministan kuɗi Komla Gbedemah ya kawo dokar da ta tsayar da farashi a kan sule 72 na kowane kaya mai laba 60, har tsawon shekara huɗu. A lokacin kuwa koko ya yi tsada a kasuwar duniya irin wadda ba a saba gani ba, abin da ke isa hannun manomi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na farashin waje ba. Gwamnati tana da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce: idan aka zuba kuɗin nan duka a hannun jama'a kayan masarufi za su yi tashin gwauron zabo, sannan ƙasar da ke shirin karɓar mulkin kai tana buƙatar hanyoyi da makarantu da asibitoci da tashar jiragen ruwa. Amma manomin da ke Ejisu ko Offinso abin da ya gani daban ne. Kusan rabin kokon ƙasar daga ƙasar Asante yake fitowa, a Accra ake yanke farashi, a Accra ake kashe rarar. Ga kuma kamfanin sayen koko da hukumar ta kafa a 1952, wanda ke ba manoma rance. Kowa a ƙauye ya san cewa mai katin CPP ne ke samu da sauƙi, kuma kwamitin bincike na alƙali Jibowu, ɗan Najeriya, ya tabbatar a 1956 cewa jam'iyyar ce ke juya kamfanin. Ƙari a kan haka, da aka raba kujerun majalisa 104, Asante ta samu 21, ita kuwa 30 ta nema.

Ranar 19 ga Satumban 1954 aka yi babban taro a Kumasi, a gindin rafin Subin, aka ƙaddamar da ƙungiyar National Liberation Movement, wato NLM. Shugabanta Baffour Osei Akoto ne, babban kakakin Asantehene, sarkin Asante, Prempeh na Biyu, shi kansa kuma babban manomin koko. Waɗanda suka yi zirga-zirgar kafa ta samarin birni ne na ƙungiyar matasan Asante, akawuna da dillalan koko da ƙananan 'yan kasuwa, da yawansu tsoffin 'yan CPP da suka fusata. Abin da suka nema a takarda shi ne tarayya, wato kowane yanki ya samu majalisarsa da gwamnatinsa da ikon riƙe wani kaso na arzikinsa. A titi kuwa kirarin da ya bi su shi ne "Mate me ho", na ware kaina.

Abin lura a nan shi ne bambancin zaman manomi da na ɗan birni. Mutumin kasuwar Kejetia ko ta Makola ƙofofinsa da yawa: yau yana sayar da atamfa, gobe takalma, in gwamnati ta matsa masa a nan ya zulle ta can. Manomin koko itace ya dasa, sai ya jira shekara biyar ko fiye kafin ya fara ci, ba ya iya tuge gonarsa ya koma wani gari, mai saye kuma ɗaya ne tak. Duk wanda ke riƙe da ma'auni da farashi shi ke riƙe da rayuwarsa. Idan mai riƙon yana nesa, ba ya jin yarensa, kuma ƙuri'un yankinsa duka ba su isa su sauke shi ba, to tunanin matso da ikon kusa ba hauka ba ne. Waɗannan manoman ne fa, ko iyayensu, suka ƙi sayar wa kamfanonin Turawa koko wata da watanni a 1937 zuwa 1938 saboda haɗa bakin da aka yi a kan farashi. Su ne kuma suka tashi tsaye a shekarun 1940 da gwamnati ta riƙa sare musu itatuwa da sunan maganin cutar koko. Ba sai wani ya koya musu fushi ba.

Irin wannan ya faru a wurin da babu koko babu sarauta. A 1980 gwamnatin tarayyar Kanada ƙarƙashin Pierre Trudeau ta kawo tsarin makamashi wanda ya riƙe farashin man fetur na cikin gida ƙasa da na duniya, ya kuma ƙara wa tarayya kaso. Lardin Alberta ne ke da man. A Fabrairun 1982 wata mazaɓar karkara mai suna Olds-Didsbury, ƙasar manoma da makiyaya, ta zaɓi Gordon Kesler, ɗan jam'iyyar da ke neman yammacin Kanada ya ɓalle, zuwa majalisar lardin. Bai shekara a kujerar ba. Amma zaren ɗaya ne da na Kumasi: dukiya na fitowa daga ƙasar wasu, wasu daga nesa na yanke mata kuɗi.

Sai dai farashi kaɗai ba ya isa, kuma zaɓen Yulin 1956 ya nuna haka ƙarara. Birtaniya ta ce sai an sake zaɓe a kan tambayar tarayya ko ƙasa dunƙulalliya kafin ta ba da mulkin kai. CPP ta samu kujeru 71 cikin 104. A kudu, inda akwai kujeru 44, ta share su duka, har da ƙasar Akyem wadda ita ma ƙasar koko ce, manomanta sule 72 ɗin nan suka sha, sarkinsu yana tare da NLM, jigon adawa J. B. Danquah ɗansu ne, amma ya faɗi. A cikin Asante ɗin kanta NLM ta ci 12, jam'iyyar Musulmi ta MAP ta ci ɗaya, CPP ta kwashi takwas.

Me ya bambanta manomin Asante da na Akyem ko na Fante? Na farko, Tonawa, wato mutanen Asante, suna da ƙasar da suke tunawa, ba a littafi ba, a bakin kakanninsu. A 1896 Turawa suka kama Prempeh na Ɗaya, daga baya suka kai shi tsibiran Seychelles, sai 1924 ya dawo. A 1935 aka maido da haɗaɗɗiyar masarautar. Dattijon da ya halarci taron Subin yana iya zama ya ga yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 da idonsa. Gare shi "mu riƙe namu" ba sabon abu ake neman ƙirƙirowa ba. Na biyu, akwai hanyar isar da saƙo wadda ba ta buƙatar jarida. Majalisar sarakunan Asante ta fito fili ta goyi bayan NLM, daga nan magana ta gangara daga fadar Manhyia zuwa manyan sarakuna, zuwa dagatai, zuwa mai shela da ƙarfensa, zuwa wurin makoki inda gari duka ke haɗuwa ranar Asabar. Sarki kuma shi ke da ta cewa a kan ƙasar noma. Manomin da gonarsa ke kan ƙasar sarauta zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga tutar da sarkinsa ya ƙi. Ban musanta cewa akwai tilas a ciki ba, an ƙona gidaje, an kori 'yan CPP da dama daga garuruwansu, an zubar da jini ta kowane ɓangare tun daga kisan E. Y. Baffoe, jami'in yaɗa manufar NLM, a Oktoban 1954. Amma tilas ba ta haifar da fushin ba, samunsa ta yi a ƙasa.

Na uku shi ne wanda masu kiran ɓallewa ba sa son a taɓo. Kowane yanki yana da nasa ƙauyen da ke kallon babban birnin yankin kamar yadda yankin ke kallon Accra. Mutanen Bono, musamman Techiman da Dormaa, sun daɗe suna kukan an cusa su ƙarƙashin Kumasi a 1935, Techiman tana kuma rigimar wasu ƙauyukanta da aka miƙa wa sarakunan Kumasi. Gare su tarayya na nufin mai gidan kusa zai ƙara ƙarfi. Sai suka rungumi mai gidan nesa. Nkrumah ya gane wannan sarai, ya yi musu alkawari, a 1959 kuma ya yanka musu yankin Brong-Ahafo daga jikin Asante. Kudu ma tsoron nan ne ya yi aiki: Fante da Akyem da Ga ba su manta da yaƙe-yaƙen da suka yi da Asante ba. Haka abin ya kasance a Kubek ta Kanada a 1995: kwanaki kaɗan kafin ƙuri'ar raba gardama a kan ɓallewar lardin, 'yan asalin ƙasar na ƙabilar Cree da ke can arewa suka yi tasu ƙuri'ar, fiye da kashi 95 cikin ɗari suka ce su a Kanada za su zauna. Duk wanda ya ja layi a taswira ya ce nan namu ne, akwai wanda ke cikin layin da zai ce ba da ni ba.

Arewa kuwa labarinta ya ɗan sha bamban. An kafa jam'iyyar mutanen Arewa a Tamale a 1954, da irin su S. D. Dombo sarkin Duori, da Yakubu Tali na Tolon, da J. A. Braimah, da Mumuni Bawumia. Kusan dukansu sarakuna ne ko 'ya'yan sarauta da suka yi boko. A 1956 ta ci kujeru 15 cikin 26 na Arewa, wato ta fi NLM kujeru. Kukanta ba na an ƙwace mana dukiya ba ne, na an bar mu a baya ne. Turawa sun mai da Arewa rumbun leburori na gonakin koko da ma'adinai da aikin soja, makarantar sakandaren gwamnati ta farko a Tamale sai 1951 aka buɗe ta, alhali Cape Coast tana da sakandaren mishan tun 1876. Suna tsoron Bature ya tafi ɗan kudu ya gaje shi. Na sha mamakin ƙawancenta da NLM, don in da an yi tarayyar da NLM ke so, kuɗin koko ya zauna inda aka nome shi, Arewa ce za ta fi kowa asara. Abin da ya haɗa su ƙin a yanke musu hukunci daga Accra ne, ba don bukatarsu ɗaya ba.

To ina zango a cikin wannan?

A ƙa'ida birni mai haɗa jinsi iri-iri shi ne ke taka wa ɓallewa birki. A ƙuri'ar Kubek ta 30 ga Oktoban 1995 masu cewa a'a sun yi nasara da kashi 50.58 cikin ɗari, tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu 55 ba. Yankunan da kusan kowa Faransanci yake ji, irin su Saguenay, sun ce a ɓalle da babban rinjaye. Tsibirin Montreal, inda masu Turanci da baƙin haure suka taru, ya ce a'a. A daren nan firimiyan lardin, Jacques Parizeau, ya hau mumbari ya ɗora laifin faɗuwar a kan kuɗi da ƙuri'un baƙin ƙabilu. A Kataloniya ta Sifaniya ma haka taswirar take. A zaɓen Disamban 2017 jam'iyyun ɓallewa sun samu kujeru 70 cikin 135 da ƙuri'un da ba su kai rabi ba, don ƙarfinsu yana garuruwan ciki na Girona da Lleida inda tsarin rabon kujeru ke ba ƙuri'a nauyi, unguwannin ma'aikata na kewayen Barcelona kuwa, waɗanda iyayensu suka zo daga kudancin Sifaniya, suka juya musu baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙo yana zaune lafiya ne a ƙarƙashin babbar inuwa wadda ba ta tambayar ina kakanka ya fito. Idan aka ƙanƙance ƙasa ta koma ta ƙabila ɗaya, shi ne farkon wanda za a tambaya.

Amma a 1954 shugabannin zangon Kumasi da yawa sun bi NLM, kuma suna da dalilinsu. Zango a kan ƙasar Asantehene yake zaune, cinikin goro da na shanu yana tafiya ne da yardar fada. Sun kuma riga sun ɓata da CPP a kan rumfunan kasuwa da kujerun majalisar gari da katsalandan a sarautar zango, abin da ya kai ga mai da ƙungiyar Musulmi jam'iyyar MAP. Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba yana kan gaba. Samarin zango sun shiga faɗace-faɗacen titi ta ɓangarorin biyu, gida ya rabu, masallaci ya rabu.

Da aka faɗi zaɓe, a Nuwamban 1956 NLM da jam'iyyar Arewa suka aika wa Landan cewa Asante da Arewa za su ware su karɓi mulkin kansu daban. Sakataren mulkin mallaka Lennox-Boyd ya zo a Janairun 1957, aka sasanta a kan cewa tsarin mulki zai tanadi majalisun yankuna. Aka samu mulkin kai ranar 6 ga Maris. Cikin 'yan watanni gwamnati ta fara ramuwa, kuma da zango ta fara. A shekarar nan ta 1957 aka ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lalemi daga ƙasar. Suka je kotu suka ce su haifaffun nan ne. Shari'a na gaban alƙali majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu biyu, aka ɗauke su aka kai Najeriya. Baffour Akoto ma ya ɗanɗana, an tsare shi a 1959 ba tare da shari'a ba, amma babu wanda ya taɓa cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne. A Disamban 1957 aka yi dokar da ta haramta jam'iyyun yanki da ƙabila da addini. Jam'iyyun adawa sun riga sun hango ta, suka narke cikin jam'iyya ɗaya ƙarƙashin K. A. Busia. Majalisun yankunan da aka yi alkawari an zaɓe su a 1958, 'yan adawa suka ƙaurace, CPP ta cika su da mutanenta, zuwa 1959 an rushe su. Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya. Da Busia ya hau mulki a 1969, gwamnatinsa ce ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, zangon Kumasi da na Accra suka yi asarar gidaje da shaguna da dangi, har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Ɓangaren da aka yi wa adawa ya kori shugabanni, ɓangaren da aka mara wa baya ya kori talakawa. Wanda ke mamakin yadda mazaɓar Asawase take ba jam'iyyar NDC kujerarta tun da aka ƙirƙiro ta a 2004, a tsakiyar birnin da abokiyar hamayyarta NPP ta fi ƙarfi, ya tambayi tsofaffin Aboabo abin da suka gani a 1969.

Haramta jam'iyyun yanki ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Ya tilasta wa duk mai son mulki ya nemi ƙuri'a daga Paga zuwa Axim, kuma Ghana ba ta shiga irin yaƙin da Najeriya ta shiga a 1967 ba. Amma doka ta rufe baki ne, ba ta cire abin da ke sa kuka ba. Gabashin ƙasar ya isa misali. A ranar 9 ga Mayun 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido aka yi ƙuri'a a ɓangaren tsohuwar Togo ta Jamus da Birtaniya ke riƙo. Kusan kashi 58 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da Ghana, amma rinjayen daga arewa ya zo, ƙasar Dagomba da maƙwabtanta waɗanda iyakar Turawa ta raba su da 'yan'uwansu. Gundumomin Ewe na Ho da Kpando sun zaɓi a ware. A ranakun bikin mulkin kai sai da aka tura sojoji ƙauyukan Alavanyo. A shekarun 1970 maganar ta sake tasowa, gwamnatin Acheampong ta danne ta. A Nuwamban 2019 wani dattijo, Charles Kormi Kudzordzi wanda ake kira Papavi, ya shelanta 'yancin Togoland ta Yamma a Ho. Ranar 25 ga Satumban 2020 wasu suka tare manyan hanyoyin shiga Volta, suka kai hari ofisoshin 'yan sanda na Aveyime da Mepe.

Mutanen nan ba su da yawa, sarakunan Volta sun yi tir da su, jama'ar yankin kuma sun ci gaba da fitowa zaɓen ƙasa. Abin da ya tsaya mini shi ne wurin da abin ya faru. Mepe da Aveyime ƙasar Tongu ce, ba ta taɓa zama cikin Togo ta Jamus ba, tun asali tana cikin mulkin mallakar Birtaniya na bakin teku, ba ta ma yi ƙuri'ar 1956 ba. Ashe ba tsohuwar yarjejeniya ce ta ja samarin wurin ba. Garuruwa ne da ke ƙasan madatsar Akosombo, wadda ta canza musu kogi tun 1965, ta kashe musu kamun kifi da noman bakin ruwa da suka gada, wutarta kuma ta tafi Tema da Accra. A sama da madatsar mutane kusan dubu 80 aka tayar, tsohuwar Kete Krachi da zangonta mai tarihi suna ƙarƙashin tafkin. A Oktoban 2023 da aka buɗe madatsar don rage ruwa, Mepe ce ta fi nutsewa. Saurayin da ya taso a wurin, babu aiki, babu hanya mai kyau, in wani ya zo masa da taswira da tuta ya ce ga dalilin wahalarka, zai saurara. Taswirar masu neman ɓallewar kuma ta haɗa har da Yendi da Bimbilla, waɗanda kakanninsu suka zaɓi Ghana da hannunsu.

Maganin da gwamnatocinmu suka saba bayarwa shi ne na Nkrumah a 1959: a yanka sabon yanki. Ranar 27 ga Disamban 2018 aka yi ƙuri'ar da ta haifar da shida, Oti da Ahafo da Bono ta Gabas da Yamma ta Arewa da Savannah da Arewa maso Gabas, yankuna suka zama 16. Mutanen karkara sun fito sun ce e da rinjaye mai ban mamaki, wanda ke nuna ƙishirwar tana nan. Nan take kuma tsohuwar matsalar ta biyo: da aka ba Damongo hedikwatar Savannah matasan Salaga suka yi bore, mutanen Santrokofi da Akpafu da Likpe da Lolobi kuwa, da aka mai da su Oti, suka wayi gari a zaɓen 2020 ba su da ɗan majalisar da za su zaɓa. Me sabon yanki ke kawowa? Minista da shugaban ƙasa ya naɗa, da ofisoshi, da motoci. Babu majalisar yanki da jama'a ke zaɓa. A gunduma ma shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaba, majalisar gunduma ta amince, kuma kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan majalisar naɗaɗɗu ne. An shirya gyara wannan a Disamban 2019, har an sa ranar ƙuri'a, shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya janye shirin saura kwanaki saboda jam'iyyu sun kasa daidaitawa a kan shigar jam'iyya zaɓen gunduma.

Matsalar farashin koko ma ba ta gushe ba. A Afrilun 2024 tan ɗaya ya haura dala dubu goma a kasuwar duniya. Hukumar koko ta COCOBOD ta ɗaga kuɗin buhu mai kilo 64 daga sidi 1,308 zuwa 2,070, wanda in aka lissafa bai kai kashi ɗaya cikin uku na farashin waje ba, kusan daidai da rabon 1954. Manomin yau ba shi da NLM. Sai ya haura da buhunsa Togo ko Kodebuwa da dare, ko ya sayar wa masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, gonar su haƙe ta su bar masa rami. Wannan ma ficewa ce daga yarjejeniyar da ke tsakaninsa da ƙasa, ba ta dai da tuta.

Ra'ayina shi ne mu mutanen zango mu kasance cikin masu neman a bar jama'a su zaɓi shugaban gundumarsu, a kuma saki kuɗin gundumomi a kan lokaci, a ƙara wa manomi kason da yake samu daga abin da ya noma. Wanda yake da shugaban da zai iya tarewa a kasuwa ya tambaye shi ina hanyarmu, ya kuma iya sauke shi bayan shekara huɗu, ba ya buƙatar sabuwar ƙasa. A wasu wurare ma ribar tamu ce kai tsaye: a Asokore Mampong da ta ƙunshi Aboabo da Asawase, ko Ayawaso ta Gabas da ta ƙunshi Nima, babu wanda zai ci zaɓen shugaban gunduma ba tare da ƙuri'ar zango ba.

Inda nake da fargaba shi ne ƙananan zangunan ƙasar koko, a Sefwi da Ahafo da cikin Asante, inda 'yan'uwanmu da sauran 'yan Arewa suke noman abusa a gonar wasu, suna karɓar kashi ɗaya cikin uku, ba su da takardar fili, wasu ma har yau ana yi musu gardama wajen katin ɗan ƙasa saboda sunan kakansu. Zaɓen gunduma zai iya zama gasar wa ya fi zama ɗan gida, kuma yaƙin Konkomba da Nanumba na 1994 ya nuna inda rigimar ɗan gida da baƙo a kan ƙasa ke kaiwa. Saboda haka duk gyaran da za a kawo, limamanmu da sarakunan zango da 'yan majalisarmu su tsaya a rubuta a cikinsa cewa zama a gunduma shi ke ba mutum ikon zaɓe da tsayawa takara, ba asalin kakansa ba, kuma a yi wa manomin abusa takardar yarjejeniya wadda kotu za ta karɓa ranar da mai gona ya rasu magada suka zo.